Takardar Korar Mai Guga

Mai Guga ya girme ni da shekara biyu, ko da yake har muka rabu bai yarda da haka ba. Na fara ganinsa ina aji huɗu a makarantar mishan, shi kuma yana ɗakin wanki na asibitin da ke bayan makarantarmu. Bai taɓa zama a aji ba. Mahaifiyarsa ce ke wanke zannuwan gadon asibitin, ta nan ya shiga, har wata babbar nas mai faɗan tsiya ta lura da hannunsa ta ɗora shi a kan teburin guga. Hular nas ta wancan zamani farin ƙyalle ce mai ninki bakwai, ana zuba mata sitaci har ta tsaya da kanta. In ninki ɗaya ya karkace, sai a jiƙa a sake daga farko. Yakan ce wanda ya iya hular nas babu tufar da za ta ba shi tsoro.

Ya yi shekara goma sha tara a asibitin. Da aka kawo injin wanki, aka kuma daina sa hular, sai aka sallame shi da takardar yabo da dutsen guga guda biyu. A cikin shekarar nan matarsa ta rasu wajen haihuwa, abin da ta haifa ma bai kwana ba. Bai sake aure ba. In an yi masa maganar sai ya ce, "To, a bari in gama kayan da ke gabana." Kayan kuwa ba su taɓa ƙarewa ba.

Wanda ya ba shi ɗaki wani direban jirgin ƙasa ne da ke layinmu, mutum mai ƙatuwar murya da son farin kaya. Kowa Direba yake ce masa. Yana da ɗaki a bayan gidansa kusa da famfo, mai ƙofa ta kansa da ke fita lungu. Suka yi magana a tsaye, ba takarda ba shaida: Mai Guga ya zauna a ɗakin, shi kuma ya riƙa goge kayan gidan. Ba a taɓa maganar haya ba. A lokacin haka ake yi, kuma wanda ya nemi a rubuta shi za a yi wa kallon mara mutunci. A haka ya yi shekara talatin da huɗu.

Na san ɗakin kamar nawa, domin bayan na yi ritaya daga aikin akawu kusan kullum a bakin ƙofarsa nake yini. Tsawonsa ƙafa goma, faɗinsa tara. Tebur ya cinye rabi, an shimfiɗa masa bargo biyu da farin zani. Duwatsun gawayi uku a jere a kan bulo, da ɗaya na lantarki wanda yake kira malalaci, don ba ya aiki sai ranar da aka kawo wuta. Igiya biyu daga bango zuwa bango, an rataye riguna. Gadonsa na ƙarfe yana can ƙurya bayan labule, ƙarami kamar na ɗan makaranta. Da yake bai iya rubutu ba, da zare yake gane kayan mutane. Kowane gida da launinsa, kowane mutum a gidan da yawan ƙullinsa, yana ɗinkawa a cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa. Nawa shuɗi ne, ƙulli ɗaya. Ban taɓa jin ya ba wani kayan wani ba. Kuma ko famfo zai je, taku shida, sai ya kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu.

"Kayan mutane ne, Akawu," in ji shi. "Wa zai ba ka rigarsa in ba ka da ƙofar da za ka kulle?"

Yana yayyafa ruwa da 'yan yatsu daga wani kwano, ya kai dutsen kusa da kumatu ya ji zafinsa, sannan ya fara da kwala. Bakinsa kuwa ba ya hutawa, musamman a kaina.

"Wa ya goge maka wannan? Jikarka? Kwala kamar kunnen akuya. Cire ka ba ni, kada a ce a ƙofata aka gan ka."

"Tsoho, kula da aikinka."

"Wa ye tsohon? Ni da haƙorana talatin cif? Kai fa, in ka yi dariya iska ke wucewa."

'Ya'yan Direba bakwai duk cikin kayan da ya goge suka girma. Babbansu, wanda daga baya ya zama mai gyaran injuna a masaƙa har ake ce masa Injiniya, a kafaɗar Mai Guga ya fara zuwa makaranta. Baba yake ce masa, kuma ba a fatar baki ba. In Direba ya ɗauko bulala, ɗakin guga yake gudu ya shige ƙarƙashin tebur, Mai Guga ya tsaya a ƙofa da dutse a hannu yana cewa, "Wallahi ban ga kowa ba, Direba, ni aikina nake yi."

Direba ya rasu shekara uku kafin tsadar nan ta kama gari. Ba sai na bayyana wa kowa yadda aka ji ba. A layinmu dai masu kawo guga kowane mako suka koma wata-wata, wasu suka koma ninke kaya su sa ƙarƙashin katifa. Masaƙa ta rufe, Injiniya ya dawo gida. Ƙannensa biyu ma aka sallame su daga wurin aiki. Magada bakwai, gida ɗaya, kowa da iyali. Suka sayar wa wani ɗan kasuwa da zai rushe ya gina shaguna. Aka ba su zuwa ƙarshen watan biyar su miƙa makullai.

Sau uku Injiniya yana zuwa ya tsuguna a bakin ƙofar Mai Guga don ya faɗa masa, sau uku yana ƙarewa a maganar zafin rana da tsadar gawayi. A na ukun ina wurin. Mai Guga ne ya ajiye dutse ya ce, "Ɗana, na ga masu awo da igiyarsu tun makon jiya. Yaushe ne?"

"Ƙarshen watan biyar, Baba."

"To, Allah ya sa albarka a ciki. Tashi, ƙafarka za ta sage."

A cikin makon ne na ji a rediyo gwamnati ta fito da shirin hana mutane rasa matsuguni saboda halin da ake ciki. Aka ce za a tari abin tun kafin mutum ya kai ga kwana a titi. Washegari na sa kwat ɗina na tafi ofishin. Na tarar da layi har waje, na tsaya awa uku da kwata. Jami'ar da na samu yarinya ce sa'ar 'yata ta uku, mai tabarau, tarin fayil ya kusa rufe ta, amma ta saurare ni har na gama. Ta ce an gyara tsoffin gidajen ma'aikata an raba su ɗaki-ɗaki don tsofaffin da za a raba da wurin zamansu. Ɗaki ɗari da ashirin ne, masu nema sun haura dubu biyu, kuma cikinsu akwai masu gida da kansu waɗanda suka ɗauko kakanni suka tsayar a layi. Saboda haka sai an tabbatar da gaske za a fitar da mutum, kuma ba shi da wani wurin zuwa. Ban ga rashin hankali a dokar ba, har yau ma ban gani ba.

"Na farkon takarda ce, Baba," ta ce. "Mai gida ya rubuta cewa ya ba shi wa'adi ya tashi, ya sa hannu. Na biyun ni zan zo in gani da idona. Ku hanzarta, ranar ashirin ga watan biyar za a rufe."

Daga ofis ban koma gida ba, na wuce gidajen. Mai gadi ya bar ni na shiga ɗaki ɗaya na auna da ƙafata. Sha ɗaya da tara. Taga ɗaya, famfo a tsakar gida, ƙofar ƙarfe da makullinta.

Da na kawo wa Mai Guga labari sai ya ɓata rai. "Gidan da ake tara tsofaffi? Kai ya kamata a kai."

"Kowa da ɗakinsa. Kowa da makullinsa."

Ya juya wandon da ke kan tebur. "Tebur zai shiga?"

"Zai shiga, har da ragowar ƙafa ɗaya."

"Ba su hana gawayi?"

"Na tambaya. A tsakar gida ake hurawa."

"To," ya ce. Da yamma na gan shi yana auna teburin da kamu, yana motsa baki.

Na ciro tafiretata na buga takardar, layi huɗu kacal, na kai wa Injiniya a ɗakuna biyun da ya kama a bayan tasha, inda ya riga ya kai matarsa da 'ya'ya biyar. Ya karanta layin farko ya ajiye ta a kan gwiwa kamar ta ƙone shi.

"Kawu, mene ne wannan? 'Ana umartarka ka tashi'? Baba zan umarta?"

"Haka ofis ke so. Hannu kawai za ka sa."

"Ni in kori Baba? Da wannan hannun? Mutumin da ya share mini majina?"

"Ai ka riga ka sayar da gidan."

"Gida na sayar, Kawu. Ban kori Baba ba. In na sa hannu a nan, me zan ce wa mahaifina ranar da muka haɗu?"

Na yi masa bayani sau biyu, dalla-dalla. Na ce takardar nan ita kaɗai ce za ta samar wa Baban nasa ƙofa. Ya ce ya gane. Ya ce in bar masa, zai rubuta da kalmominsa, domin nawa sun yi kaushi. Bayan kwana biyu ya aiko mini da ambulan a manne, an rubuta sunan ofis a bayansa.

A makarantarmu an koya mana ba a buɗe wasiƙar da ba taka ba, kuma shekara talatin da biyar ina akawu ban taɓa buɗewa ba. Na ji ambulan ɗin ya yi kauri, ya fi ƙarfin layi huɗu. Na juya shi a hannu a cikin mota, na sake juyawa. Ban buɗe ba. Na miƙa wa mai karɓar takardu, ya yage bakin, ya buga hatimi, ya sa a fayil, sannan aka kai wa jami'ar.

Ta karanta a gabana. Shafi biyu ne. Tana karantawa tana cire tabarau tana mayarwa. Sai ta juyo mini da ita. Injiniya ya rubuta cewa an sayar da gida, gaskiya ne. Sauran duk yabo ne: amanar Baba, haƙurinsa, yadda ya rene su. A ƙarshe ya ce Baba ubansu ne, babu mai korarsa, kuma duk inda ɗayansu yake da rufi a kansa, nan gidan Baba ne.

"Wasiƙa ce mai kyau," ta ce. "Da ubana aka rubuta wa, da na yi kuka. Amma Baba, wannan cewa take yi yana da gida bakwai."

"A mayar mini da ita."

"An buga hatimi, ba ta fita." Ta yi ɗan tunani. "Zan zo ranar Laraba da ƙarfe goma. Abin da na ji da kunnena zai iya gyara wannan. Ka gaya musu su faɗi gaskiya kawai."

Na gaya wa Injiniya, na gaya wa Mai Guga, na kuma gaya wa Mai Ɗinki, wata mata da mijinta ya rasu, mai shago a bakin layi, wanda a bayansa take kwana da 'ya'yanta mata biyu. Shekara ashirin tana kawo wa Mai Guga sababbin ɗinki yana gogewa. Na ɗauka za ta zama shaida. Ita kuwa abin da ta ji shi ne baƙuwa za ta zo daga gwamnati ta ga yadda muke riƙe tsohonmu. Ranar Laraba ta share lungun tas, ta kawo kujeru daga shagonta, ta sa wa ɗakin sabon labule, ta kuma gayyato rabin layi. Mai Guga ya sa farar riga wadda karin gugarta zai iya yanka hannu. Injiniya ya zo ya tsaya jikin bango.

Jami'ar ta duba ɗakin, ta yi tambayoyinta, ta rubuta. Sai ta dafa fayil ɗin ta ce, a hankali, tana duban kowa, "Tambayar da zan yi yanzu, abin da aka amsa shi zan rubuta, ba ni da ikon canzawa. A yi tunani kafin a amsa. Baba, in an rushe ɗakin nan, kana da inda za ka kwana?"

Bai kai ga buɗe baki ba Mai Ɗinki ta miƙe. "Haba 'yar nan! Muna raye? Wace irin tambaya ce wannan a gaban mutane? Baba ya kwana a waje muna layin nan? Ko shagona ne ai ya ishe mu."

"Mama, ki bari shi ya amsa."

"Ai na amsa masa. Rubuta. Ki ce Mai Ɗinki ce ta faɗa."

Jami'ar ta dubi Injiniya. Mutum fiye da ashirin suna kallonsa, duk waɗanda suka san ubansa. Ya ce, "Yana da ni."

Sai na ce, "Ɗaki biyu gare shi, su bakwai. Ita kuma shago ne. Ni ɗaki ɗaya surukina ya ba ni a gidansa, da jikoki biyu muke kwana. Gaskiyar magana Mai Guga ba shi da wurin zuwa."

Wani daga baya ya ce, "Kai, Akawu, ka ba da mu." Mai Ɗinki ta riƙe haɓa. "Abokinka na shekara hamsin kake tona wa asiri a gaban baƙuwa? Wannan karatu naka bai yi maka rana ba."

Jami'ar ta matsa kusa da Mai Guga ta rage murya. "Baba, taka nake jira."

Ya dubi Injiniya, wanda kansa ke ƙasa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Ina da 'ya'ya, 'yata. Kin gan su."

Ta tsaya da alƙalami a sama kamar tana jiran wani ya ƙara magana. Babu wanda ya ƙara. Ta rubuta.

Na bi ta bakin titi inda take jiran mota. Ta ce saura hanya ɗaya: su biyun da suka ce za su ɗauke shi su rubuta cewa ba za su iya ba, su sa hannu, kafin ashirin ga wata. Saura kwana tara.

Na buga takardu biyu. Mai Ɗinki ko karɓa ba ta yi ba, ta ce in fita mata daga shago kafin ta manta da furfurata, kuma ta yi mako biyu ba ta gaishe ni ba. Injiniya ya ce in dawo gobe. Da na dawo ya ce jibi. Da labarin ya kai kunnen Mai Guga sai ya tare ni a lungu.

"Akawu, me kake yawo da shi a aljihu?"

"Ɗakinka."

"Yaron nan ya sayar da gidan ubansa, ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Yanzu kana so ya sa hannu cewa ba zai iya da ni ba?"

"Ai ba zai iya ɗin ba."

"Na sani. Shi ma ya sani. Amma ba a rubuta ba."

"Taurin kanka ya fi dutsen gugarka."

"Na ji. Ka bar yawon nan. Kuma ka kawo wandon nan naka kafin in rufe, ya yi gwiwa."

Ban bari ba. Na koma wa Injiniya ranar sha tara, matarsa ta ce ya fita tun da sassafe, ba ta san inda ya nufa ba. Na zauna a ƙofar har la'asar. Ashirin ga wata ta zo ta wuce.

A makon ƙarshe Mai Guga bai karɓi kayan kowa ba. Ya goge duk abin da ke kan igiya, har da waɗanda aka manta shekaru ba a zo karɓa ba, ya bi gida-gida yana mayarwa, ni ina riƙe masa rabi. Akwai kwat ɗin wani malamin makaranta da ya rasu tuntuni, jan zare ƙulli biyu. Muka kai wa ɗansa, ya tsaya yana kallonmu, bai ma san ubansa ya taɓa mallakar kwat ba. A kowace ƙofa sai a ce, "Baba, ina za mu riƙa kawo maka?" Sai ya ce, "Zan aiko." Teburin bai samu wurin shiga ko'ina ba, aka ba wata mai sayar da kayan miya a bakin titi. Ya bar ɗakin da akwati ɗaya da dutse ɗaya.

Ba zan ce an yi masa ƙarya ba. Su biyun sun cika alkawari iyakar ƙarfinsu. A wurin Injiniya a falo aka shimfiɗa masa, tare da yara maza uku. Da safe sai a naɗe katifa don a samu wurin zama. Mai wannan gidan ya hana hura gawayi, kuma babu inda za a rataye rigar wani a kulle. Yakan fito ya zauna a kan benci har yamma don kada ya takura wa matar gida. In ya ga abinci ba zai kai ba sai ya ce cikinsa ba daɗi. Bayan wata biyu ya koma shagon Mai Ɗinki, yana kwana a kan teburin yanka, sai an rufe shago ya kwanta, kafin a buɗe ya tashi. Wani lokaci takan ba shi ɗinki ya goge da dutsen lantarki, yana yi yana tsaki. Bayan wata ɗaya ya sake komawa wurin Injiniya. Bai taɓa kwana a waje ba, ko sau ɗaya. Ya dai rame, rigarsa ta fara yi masa yawa. Na taɓa zuwa masa da kwala a murɗe da gangan, ya duba, bai ce komai ba.

A watan goma Injiniya ya zo wurina da kansa da sassafe. Bai zauna ba. Ya ce mai gidansu ya ƙirga kawuna ya ce ɗaki biyu ba na mutum takwas ba ne, ko a rage ko su tashi gaba ɗaya. Ya ce, "Kawu, takardar nan tana nan?" Tana nan, wadda ke cewa ba zai iya riƙe Mai Guga ba. Ya sa hannu a tsaye, a jikin bango, ya ajiye alƙalamin ya fita bai yi sallama ba. Mai Ɗinki ta sa nata da rana. Babbar 'yarta da ke aure a wata unguwa ta dawo da yara biyu, su ma an tashe su daga gida, teburin yankan ya samu masu kwana. Tana sa hannu tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa, "Kada ka gaya masa, Akawu. Don girman Allah."

Jami'ar ta gane ni. Ta karɓa ta sake buɗe fayil. Ta ce ɗakunan sun cika tun watan shida, amma za a sa Mai Guga a layin jira, kuma ana gyara wasu. Na tambaye ta tsawon layin. Ta ce shi ne na ɗari huɗu da sha ɗaya. Sai dai dole ya dangwala yatsa a sabon fom, kuma doka ta ce wanda bai iya karatu ba a karanta masa duk abin da ke ciki kafin ya dangwala. Ta ce tun da tsoho ne, ta yarda ni in kai masa in karanta.

Na same shi a kan bencin da hantsi yana kallon motoci. Na zauna, na ciro takardun. Da na tsallake layi biyu babu wanda zai sani. Na karanta masa kalma-kalma har ƙarshe.

"Ya sa hannu?" ya ce.

"Ya sa."

"Kai ka matsa masa?"

Da na ce e, da ya zage ni an wuce wurin. Na ce, "Shi ya zo da kansa."

"Da kansa." Ya gyaɗa kai. "Ita ma?"

"Ita ma. Tana kuka."

"Ai za ta yi." Ya miƙo babban yatsa. "Ina tawadar?"

Ya dangwala, ya goge yatsan a ƙasan bencin. Na ce masa ana gyara wasu ɗakunan, layin zai yi sauri. Ya ce Allah ya sa.

Bayan kwana huɗu aka aiko mini in same shi a tasha da ƙarfe bakwai na safe. Ashe ya sa an kira masa wani ɗan ƙanwarsa da ke wani ƙauye mai nisan yini guda a mota, wanda rabonsa da shi tun yana goye. Na same shi tsaye da akwatinsa a gefen mota. Injiniya na can nesa, idonsa jawur, an ce tun jiya yake roƙonsa.

"In ka bar gari za a cire ka daga layi," na ce. "Haka dokar take. Na karanta maka."

"Ka karanta."

"To don me? Ka yi haƙuri wata shida. Ko shekara ce."

"A ina zan yi haƙurin, Akawu?"

Ya yafito Injiniya da hannu. Injiniya ya zo ya durƙusa a ƙasa a gaban mutane. Mai Guga ya dafa kansa ya ce, "Ba ka yi laifi ba. Ka ji ko? Ka riƙe yaran nan da kyau. Ka ce wa Mai Ɗinki na gode, ban samu biyowa ba. Tashi, ana kallonka."

Mota ta cika. Kujerar tsakiya aka ba shi, inda babu taga, saboda haka ban ga fuskarsa ba da ta tashi.

A can manoma ne, babu mai kawo guga. Ɗan ƙanwar ya ba shi wuri a ɗakin da yake ajiye buhunan hatsi, kuma an ce ya kula da shi daidai gwargwado. Ya yi wata biyar. Labarin rasuwarsa ya zo mana ta waya kwana uku bayan an binne shi.

Na sa kwat na tafi ofis don a rufe fayil ɗin gaba ɗaya. Tun makon da ya tafi na je na shaida wa jami'ar ya bar gari, saboda haka na ɗauka an daɗe da cire shi daga layi. Ta ciro fayil ɗin ta buɗe. Ba ta cire shi ba. Ta ce ta bar shi ne ko zai dawo, kuma ya kai na ɗari uku da sittin da takwas. Ta tambaye ni ranar rasuwar, na faɗa mata, ta rubuta.